Mai Wanki Ma Ma'aikacin Lafiya Ne

A ƙasarmu akwai gidaje inda mutane ke kwana su tashi tare alhali ba dangi ba ne. Bukatar kulawa ce ta haɗa su. Akwai gidajen marayu. Akwai cibiyoyin da ake kwantar da yara masu tamowa tare da uwayensu, waɗanda suka yawaita bayan yunwar shekarar 2005. Akwai kuma inda mata masu yoyon fitsari ke zama suna jiran aiki ko jiran warkewa, kamar cibiyar Danja kusa da Maraɗi, wadda aka buɗe a 2012, da makamantanta a Damagaram da Yamai.

A irin waɗannan gidaje kowa na girmama lokotoro. Ana girmama mai yin allura. Har mai dafa abinci ana gaishe ta da aiki. Wadda ba a cika tunawa da ita ba ita ce mai wanki. Wani lokaci mace ce da aka ɗauka aiki da ɗan albashi. Wani lokaci uwar yaro ce, ko ƴar uwar marar lafiya da ta zo jinya. Sai a nuna mata bayan ɗaki, a bar ta da tsummoki da hannu tsirara. A ganina wannan sakaci ne mai tsada. Wanki a gidan jinya aikin lafiya ne, kuma ya kamata a koyar da shi, a ba shi kayan aiki, a ware masa kuɗi kamar yadda ake ware wa magani.

Dalilin a fili yake. Duk abin da ya fita daga jikin marar lafiya, tufafi ne ke fara karɓarsa: zawo, amai, jini, ruwan gyambo, fitsari. Zane ba ya magana, amma yana yawo. Daga gado zuwa hannun mai wanki, daga hannunta zuwa bakin randa, daga randa zuwa cikin kowa.

Mu ɗauki kwalara, ciwon zawo da amai. A 2018 ta ɓarke a yankin Madarunfa, ta kama mutum fiye da 3000 a ƙasar. A 2021 ta dawo, ta shiga jihohi da dama, har da Maraɗi da Damagaram da Tawa, ta kama fiye da 5000. Ƙwayar wannan cuta tana fita cikin zawon marar lafiya da yawan gaske. Zane ɗaya da ya jiƙe da wannan zawo, in aka wanke shi a bakin rijiya ko a tabki, ya isa ya ɓata ruwan da unguwa ke sha. To ina ga gidan da yara masu tamowa ke kwance, waɗanda zawon kwana biyu ke iya kai su kabari?

Akwai kuma ƙazwa. Wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani ke haƙa fata, ya sa ƙaiƙayi da dare. Yana bin cuɗanyar jiki, yana kuma bin shimfiɗa da riga. In ya bar jikin mutum yana iya rayuwa kwana 2 zuwa 3 a cikin tufafi. Shi ya sa a gidan marayu za a shafa wa yaro magani ya warke, bayan mako biyu ƙaiƙayi ya dawo. Sai a ce magani ba shi da kyau. Magani lafiyarsa lau, gwadon da yaron ya koma ciki ne ba a taɓa ba. Haka kwarkwata, wadda ke ɓoye ƙwanta a cikin ɗinkin riga.

Batun jini kuwa, jama'a sun fi tsoron sida. Gaskiyar magana ita ce ƙwayar sida ba ta daɗewa a waje, kuma ba a ɗaukar ta don an wanke rigar mai ita. Babu hujjar ƙyamar kayansa ko ware su gefe guda don a kunyata shi. Wadda ta fi ƙarfin hali ita ce ƙwayar ciwon hanta da ake kira epatit B. Tana iya rayuwa kwana 7 ko fiye a cikin busasshen jini. In hannun mai wanki yana da tsaga ko rauni, ƙofa ce a buɗe. Hannun da ya yini cikin ruwa da omo kuwa, da wuya a rasa tsaga a jikinsa.

Aikin kirki yana farawa tun daga bakin gado, kafin a ga ruwa. Al'adarmu ce in an ɗauke zanen gado a kakkaɓe shi. A ɗakin jinya wannan haramun ne, domin kakkaɓa na watsa ƙazanta cikin iska, ta sauka kan maƙwabcin gado da kwanon abinci. Sai a duba da kyau ko an manta allura ko reza a cikin shimfiɗa. Sannan a naɗe zanen a hankali, wurin da ya ɓaci ya koma ciki. Kada a rungume shi a ƙirji, kada a ajiye shi a ƙasa. A sa shi cikin bokiti mai marfi nan take. Bokiti biyu ake bukata: ɗaya na kayan da suka taɓa kashi ko jini ko amai, ɗaya na kayan da dauɗa da gumi kawai suka kama. In launinsu ya bambanta, ko wanda bai iya karatu ba zai gane.

Safar hannu ta zama dole. Ba irin siririyar nan ta masu allura ba, wadda ke yagewa tun a cuɗar farko. Mai kauri ake so, ta roba, wadda ta kai kusan gwiwar hannu. A haɗa da leda mai kauri da za a ɗaura a gaba, da takalmi rufaffe. In an gama aiki a wanke safar a shanya, sannan a wanke hannu da sabuni. Sa safa ba ya ɗauke wa mutum wankin hannu.

In an kai wurin wanki, abu na farko shi ne a kankare kashi ko amai da ɗan itace a zuba cikin salga. Mai jini a fara jiƙa shi da ruwan sanyi, don ruwan zafi na dafa jini ya manne a zare. Daga nan sai ruwan zafi da sabuni a cikin babban daro ko tukunya, ana juyawa da sanda a hankali yadda ruwa ba zai fallatsa a fuska ba. Sandar nan ta wanki ce kaɗai, kada ta koma madafa. Inda ake da injin wanki, Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ba da shawara a 2020 cewa zafin ruwan ya kai digiri 60 zuwa 90. Inda babu inji, ta ce bayan sabuni a jiƙa kayan cikin ruwan jabel mai sauƙi na tsawon minti 30, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a shanya a rana har su bushe sarai.

A nan zan ɗan daɗe, domin jabel shi ne abin da aka fi yi wa mummunar fahimta. Wasu na tsammanin in sun tsiyaya shi kan tsumma mai kashi, aiki ya ƙare. Ba haka ba ne. Ƙazanta na cinye ƙarfin jabel kafin ya kai ga ƙwayar cuta. Sabuni ne ke fara aiki, jabel ya biyo baya. Wasu kuma na zuba shi da ƙiyasi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan wuri kimar ido ba ta wadatarwa. In ya yi kaɗan bai kashe komi ba, in ya yi yawa ya cinye zane ya ƙone hannu. A karanta abin da ke rubuce a jikin kwalba. In an ga 2,6%, to ma'auni 1 na jabel ake zubawa cikin ma'auni 50 na ruwa. Wato rabin litir na jabel cikin bido mai litir 25. In lambar da ke jikin kwalba ta bambanta da wannan, a tambayi ma'aikacin lafiya ya yi lissafi, a rubuta a bango kusa da wurin wanki.

Da ruwan sanyi ake haɗa shi, cikin mazubin roba, domin yana cin ƙarfe. Kullum a haɗa sabo, saboda rana da zafi na kashe ƙarfinsa. Kwalbar kanta a ajiye ta a inuwa, inda yara ba sa kaiwa, kuma kada a juye shi cikin kwalbar lemo. Kada a gauraya shi da wani maganin wanke salga. Kada kuma a zuba shi kan tsumman da ke jiƙe da fitsari, domin haɗuwarsu na tayar da wani tururi mai yaji da ke cutar ido da ƙirji. Wannan ya shafi gidajen mata masu yoyon fitsari fiye da kowa, inda ake wanke tsummoki safe da yamma. A ɗauraye fitsarin tukuna, a wanke da sabuni, sannan jabel.

Jabel na iya dusashe launin atamfa. Mace mai zane biyu a duniya ba za ta yarda a ɓata mata ɗaya ba, sai ta ɓoye shi ƙarƙashin tabarma ta wanke a asirce. Ban ga laifinta ba. Akwai mafita: a tafasa ruwa, a sa zanen ana juya shi minti 5 yana tafasa. Wannan na kashe ƙwayar kwalara da ƙwaron ƙazwa da kwarkwata gaba ɗaya. Abin da ba ya wankuwa kuwa, kamar matashi ko bargo mai nauyi na mai ƙazwa, a ɗaure shi tam cikin babbar leda, a ajiye aƙalla kwana 3, in da hali mako guda. Ƙwaron zai mutu da yunwa. Sai dai a yi haka rana ɗaya da shafa magani, kuma ga dukan waɗanda ke kwana ɗaki ɗaya.

Rana dai Allah ya ba mu ita kyauta, kuma tana taimakawa ƙwarai. Amma a kan igiya ake shanya. Shanya a ƙasa ko a kan darni, inda awaki da kaji ke ratsawa, mayar da aiki baya ne. Akwai ma wani ƙuda da ke son yin ƙwai a ƙasa mai fitsari da kan tufafi masu laima. Tsutsarsa na shiga fata ta yi ƙurji kamar maruru, musamman ga jarirai. Guga mai zafi na kashe ƙwan, ko da dutsen gawayi ne. Kayan da suka bushe kada su koma cikin bokitin da ya kawo su da dauɗa. A ajiye su a wuri rufaffe, kuma kowane yaro rigarsa ta koma gare shi. Ɗan zare mai launi a bakin riga, ko suna da aka rubuta, ya isa shaida.

Manoma da masu garka, ga naku. Ruwan da aka wanke kayan zawo da shi ba na ban ruwa ba ne. Salati da tumatir da kabeji ɗanye ake cinsu, kuma abin da aka zuba musu zai dawo cikin kwano. Wannan ruwa rami ake haƙa masa, a cika da duwatsu da tsakuwa, a rufe baki. Ramin ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma ya kasance ta gangare, ba ta saman rijiyar ba. Gulbi da tabki da bakin kogi ba wurin wankin kayan marar lafiya ba ne ko kaɗan.

Na san abin da shugabannin waɗannan gidaje za su ce: ice ya yi tsada, ruwa sai an saya, kuɗin magani ma bai isa ba. Magana ce mai nauyi, ba zan raina ta ba. Amma ba dukan kaya ne ke bukatar tafasa ba. In an raba su tun daga bakin gado, kashi kaɗan ne zai ci ice da jabel, saura ruwa da sabuni da rana sun ishe su. Raba bokiti ba ya cin ko dala. Hana kakkaɓa ba ya cin ko dala. Safa mai kauri in an kula da ita tana yin watanni. Sai a auna wannan da abin da zai fita in zawo ya ratsa ɗaki mai yara 30: ƙarin ruwa, magani, kwanakin jinya, da ran da ba a mayarwa.

Don haka ina kira ga kwamitocin da ke kula da kuɗin likitoci da gidajen marayu su sa sabuni da jabel da safa da ice cikin lissafin kowane wata, da sunansu, kada su zama abin da ake saya in canji ya rage. Masu ba da taimako su ma su riƙa tambayar ina wurin wanki yake kafin su tambayi ina za a kafa allo mai sunansu. Duk uwar da aka kwantar da ɗanta, a ranar farko wani ya zagaya da ita ya nuna mata bokitin da za ta sa tsumma, da inda za ta zubar da ruwa. Mai wankin da aka ɗauka aiki kuma a yi mata rigakafin epatit B. A Nijar sai a 2008 aka shigar da wannan allura cikin rigakafin jarirai, ke nan yawancin manyan da ke wanki yau ba su same ta ba. Allura 3 ce cikin wata 6, kuma gidan da ya ɗauke ta aiki shi ya kamata ya biya.