Goron Sallah Ya Koma Lamba

 

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami a wannan karo shi ne wani al'amari da ya faru a unguwarmu a nan Kumasi bayan ƙaramar Sallah, wanda ya kusa raba wata mata da yayanta uwa ɗaya uba ɗaya, a kan abin da yawancinmu iyaye ba mu ma san sunansa ba.

Wani yaro ne ɗan ajina, mai shekara 14, ya tsaya bayan an tashi makaranta, idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Malam, don Allah ka zo ka yi wa Mama magana, ta ce ba za ta ƙara ɗaukar wayar Kawu ba." Ashe kawun nasa da ke zaune a Hamburg ta ƙasar Jamus ne ya aiko masa da goron Sallah. Ba kuɗi ya aiko ba, ba kuma riga ba. Katin kyauta ya saya na Yuro 50, irin wanda ake sayen wasannin bidiyo da shi, ya kankare bayansa, ya ɗauki hoton lambar ya turo ta waya. Yaro ya shigar da lamba a na'urarsa, na'ura ta ƙi karɓa. Ya sake, ta sake ƙi. Uwar kuwa, don son ta taimaka, sai ta tura hoton nan ga mutum uku da ake cewa sun san kan na'ura, su duba mata. Kafin kwana biyu, kawu ya bincika daga can, aka shaida masa cewa an riga an cinye kuɗin katin. Shi yana zargin yaro ya ci kuɗi yana neman ƙari, ita tana cewa Yaya ya aiko wa ɗanta katin banza don a ce ya yi kyauta. Alhali babu maƙaryaci a cikinsu.

To, mene ne wannan kati? A zamaninmu, in kana son wasa sai ka je kasuwa ka sayo kaset ko faifai ka riƙo a hannu. Yanzu kantunan sun koma cikin intanet. Akwai Steam na kamfanin Valve, wanda aka buɗe a 2003 don masu wasa a kwamfuta. Akwai PlayStation Store na Sony da ya fara a 2006, akwai na Xbox, da na Nintendo, sannan Google Play da App Store na masu waya. Kowane yaro mai wasa yana da asusu a ɗaya daga cikinsu. Katin kyauta kuwa kuɗi ne da aka riga aka biya, aka mayar da su jerin haruffa da lambobi: na PlayStation guda 12 ne, na Nintendo 16, na Xbox 25. Da zarar an shigar da su, kuɗin ya faɗa asusu, yaro ya sayi abin da yake so.

Abu na farko da ya kamata mu riƙe shi ne, wannan kuɗi yana da ƙasa. Katin PlayStation da aka saya a Jamus ba ya shiga sai a asusun da aka buɗe da sunan Jamus, na Amurka sai asusun Amurka. Haka na Google Play da na Apple, kowanne yana aiki ne a ƙasar da aka sayar da shi. Mu kuma a nan Ghana lamarin ya fi rikitarwa, domin ƙasarmu ba ta cikin jerin ƙasashen da PlayStation ke buɗe wa asusu. Saboda haka mai shagon da ya sayar da na'ura shi ke zaɓar wa yaro ƙasa, ko Amurka ko Ingila, sau da yawa ba tare da ya gaya wa kowa ba, kuma ƙasar da aka zaɓa ran farko ba ta canzuwa. Asusun ɗalibina na Amurka ne, kati kuwa na Jamus. Shi ya sa ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Abu na biyu, wannan kuɗi ba shi da sunan mai shi. In an turo maka kuɗi ta MoMo, sunanka da lambarka suna jiki. Kati kuwa na wanda ya riga shigar da lambar ne, ko shi aka yi wa kyauta ko ba shi ba. Hoton da uwar yaron ta tura, tamkar ta ajiye takardar kuɗi ce a bakin kasuwa ta ce masu wucewa su duba mata ko ta gaskiya ce. Wannan ne ma dalilin da ya sa 'yan damfara a ko'ina cikin duniya ke son a biya su da irin waɗannan katuna. Duk wanda ya buga maka waya ya ce ka ci gasa, ko za a ba ka aiki, ko ɗan uwanka ya shiga matsala, amma sai ka sayi kati ka karanto masa lamba, to ka kashe wayarka. Ina kuma jan kunnen samarinmu masu sayen katuna da araha a hannun waɗanda ba su sani ba: kati na Dala 100 da aka ba ka a rabin kuɗi, ka tambayi kanka hawayen wa ke jikinsa.

Ga 'yan uwanmu na ƙetare masu son faranta wa 'ya'yanmu rai, Allah ya saka da alheri, amma Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Kafin ka sayi kati, ka tambayi abu biyu: wace na'ura yaron ke da ita, kuma asusunsa na wace ƙasa ne. Ka saya a sanannen kanti, ka ajiye rasit. Ka tura lambar ga mutum ɗaya tak, kada ka sa ta a zauren dangi na WhatsApp, kuma ka tsaya a kan waya har a shigar da ita. In yaron a Steam ko Xbox yake wasa, akwai hanyar da za ka sayi wasan kansa ka aika masa kyauta. A Steam sai kun zama abokai a asusu, kuma in bai karɓa ba kuɗinka ya dawo maka. Sai dai ita ma wannan hanya tana da sharuɗɗan ƙasa, don haka tambayar nan dai ba ta faɗi ba.

Ni a matsayina na malamin makaranta, wannan hanya ta biyu ta fi kwanta mini a rai, domin babba ne ya zaɓi abin da za a ba yaro. Kati kuwa, ka ba shi kuɗi ne ka juya baya. Wasannin nan suna da alamar shekaru a jikinsu. A Turai ana rubuta 3, 7, 12, 16 ko 18, kuma wanda aka sa wa 18 ba na ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ba ne. Bugu da ƙari, wasu wasannin suna sayar da akwatunan sa'a, ka biya ba ka san abin da zai fito ba, abin da hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ɗauka a matsayin caca tun 2018. Ni ne nake ganin masu gyangyaɗi a aji ranar Litinin da safe, na kuma san abin da ya hana su barci. Don haka a sanar da uwa ko uba kafin a aika, su san abin da ya shigo gidansu.

Game da ɗalibina kuwa, na je gidan da yamma, aka kira kawu, na yi musu bayanin nan kamar yadda na yi muku. Uwar ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ni ce na raba hoton." Shi ma ya ce laifinsa ne da bai tambaya ba. Yuro 50 dai ta tafi, ba a kuma san wanda ya ci ba. Kawu ya yi alkawarin wani katin in an yi hutu, da sharaɗin zai fara ganin sakamakon jarrabawa, ni kuma na ce ba zan ƙara maki ko ɗaya ba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ƙara mana zumunci. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalam.