Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga BBC da Masu Shirya Gasar Girki ta MasterChef

Zuwa ga shugabannin BBC da na kamfanin Banijay,

Ina rubuto muku ne a kan alƙalancin da ake yi a gasar girkinku ta MasterChef. Ina daga cikin al'ummar da sunan BBC ya daɗe da zama a gidajensu. Tun 1957 Sashen Hausa yake magana da iyayenmu ta akwatin rediyo, har ta kai idan gardama ta yi zafi a majalisa, wani ya ce ai a BBC ya ji, sai kowa ya ja bakinsa. Gidan da aka ba wannan matsayi, ko shirin tuya da dahuwa ya yi, da ma'aunin gaskiya za a auna shi.

Gasar girki ta bambanta da duk wata gasa da ake nunawa a talabijin. A ƙwallon ƙafa kowa yana ganin ƙwallo ta shiga raga ko ba ta shiga ba. A gasar waƙa kunnen mai kallo yana jin abin da kunnen alƙali ya ji, yana iya cewa an yi daidai ko an yi son kai. Amma mai kallon MasterChef, ko a Landan yake ko a Kano, ba ya jin ƙamshi, ba ya sanin gishiri ya ji ko bai ji ba. Gani ba ci ba ne. Abin da alƙalai biyu suka ce harshensu ya ji, shi ne kaɗai shaidar da miliyoyin mutane suke da ita. Saboda haka duk ranar da aka kama alƙali ya faɗi abin da ba haka yake ba a kan abin da ido ke iya gani, sai mai kallo ya fara tambayar kansa: to, wanda ba na iya gani fa?

Irin wannan ranar ta zo muku a 2018. Zaleha Kadir Olpin, haifaffiyar Malesiya mazauniyar Bristol, ta kai zagayen kwata fainal, aka ce kowa ya dafa abincin da yake da muhimmanci a rayuwarsa. Ta kawo nasi lemak, shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa, tare da rendang na kaza. Alƙali Gregg Wallace ya ɗanɗana ya ce fatar kazar ba ta soyu ramas ba, kuma miya ta lulluɓe ta, ba za ta ciwu ba. Aka sallame ta. Shi kuwa rendang, wanda asalinsa na mutanen Minangkabau ne a yammacin tsibirin Sumatra, nama ne da ake barinsa a kan wuta sa'o'i cikin madarar kwakwa da kayan ƙamshi har ruwan ya tsotse, naman ya yi laushi. Ba a soya shi ya yi ramas. An hukunta matar ne a kan rashin abin da girkin bai taɓa mallaka ba.

Kun san abin da ya biyo baya. Mutanen Malesiya da Indonesiya da Singafo, waɗanda suka saba jayayya a kan wa ya mallaki wane abinci, suka haɗa baki. Firaministan Malesiya na lokacin, Najib Razak, da Mahathir Mohamad, da ke shirin karawa a zaɓen watan Mayun shekarar, suka yi magana ɗaya a kan kaza. Jakadiyar Birtaniya a Kuala Lumpur, Vicki Treadell, ita ma ta fito ta ce rendang ba a soya shi. Maimakon a ce an yi kuskure, sai ɗaya alƙalin, John Torode, ya shiga Twitter yana cewa wataƙila ma abincin na Indonesiya ne, ya rufe da gaisuwar mutanen Indiya, wadda ba gaisuwar Malesiya ko Indonesiya ba ce. Daga baya Wallace ya ce nufinsa fatar ba ta dahu ba. Mai yiwuwa ne haka yake nufi. To amma masu kallo abin da aka faɗa suka ji, kuma shirin ba kai tsaye ake watsa shi ba: ya bi ta hannun furodusoshi da masu tace hoto, watanni suka wuce tsakanin ɗauka da nunawa, ba a samu mutum ɗaya da ya ce a dakata a tambayi wanda ya san abincin ba. Wannan ya fi kuskuren harshen alƙali damuna.

Bahaushe zai gane zafin abin idan ya ƙaddara 'yarsa ce ta kai tuwon shinkafa da miyar kuɓewa gaban alƙalan, aka ce an kore ta saboda miyar tana yauƙi.

Ba ina cewa MasterChef na ƙin baƙin abinci ba ne. Tarihin shirin zai ƙaryata ni. Shelina Permalloo ta ci gasar 2012 da girkin Mauritius, Ping Coombes ta ci ta 2014 da girkin Malesiya ɗin nan dai, likita Saliha Mahmood-Ahmed ta ci ta 2017, Chariya Khattiyot 'yar asalin Tailan ta ci ta 2023. Kun buɗe ƙofa, kuma kun cancanci yabo a kan haka. Sai dai wanda ya gayyaci duniya cin abinci a gidansa ya ɗauki nauyin sanin abin da duniya ke ci. Ba wanda zai iya sanin girkin kowace ƙasa, ba kuma wanda ya nemi alƙalanku su sani. Abin da ake nema mai sauƙi ne. 'Yan takara suna miƙa jerin kayan haɗinsu kafin ranar ɗauka, domin sai an sayo musu. Ke nan kun san abin da za a dafa. Me zai hana a nemo kuku ɗaya da ya tashi da cin wannan abincin, ya zauna da alƙalai minti goma ya gaya musu yadda ake gane mai kyau da marar kyau? A garin Landan babu abincin da za a rasa mai dafa shi. Alƙali na da 'yancin cewa abu bai yi masa daɗi ba. Amma kafin ya ce an dafa shi ba daidai ba, sai ya san yadda daidai ɗin yake.

Wani abin da masu kallo suka daɗe suna gunaguni a kai shi ne alƙali yana ganin fuskar mai girki kafin ya ga farantinsa. Ya san wanda ya yi kuka a makon jiya, ya san wanda kakarsa ta rasu, ya san wanda yake ba shi dariya da wanda yake ɗaga masa kai. Mutum ne, dole zuciya ta karkata ko bai so ba. Wasu shirye-shiryen sun nemi maganin wannan. A Amurka, tashar Food Network ta fara Tournament of Champions a 2020, inda alƙalai ba sa ganin ana girkin, ba sa kuma sanin wa ya dafa me. Faranti kawai ake ajiye musu su ba da maki cikin 100. Daga 2020 zuwa 2025 an yi gasar sau shida, kuma duk shidan mata ne suka lashe: Brooke Williamson, Maneet Chauhan har sau biyu, Tiffani Faison, Mei Lin da Antonia Lofaso. A gasar Top Chef kuwa, inda alƙalai ke kallon mai girki ido da ido, mata shida ne suka ci a cikin zango ashirin na farko. Gasa shida ba su isa a yanke hukunci da su ba, kuma tsarin shirye-shiryen biyu ya bambanta. Duk da haka alƙaluman sun isa su sa mai hankali ya tsaya ya yi tunani.

Koriya ta Kudu ta ƙara gaba. A shirin Culinary Class Wars da Netflix ta fitar a 2024, an tara kuku 100, mashahurai 20 da waɗanda ba a san su ba 80. A zagayen da aka haɗa su ɗaya da ɗaya, an ɗaure wa alƙalan biyu, Paik Jong-won da Anh Sung-jae, idanu da ƙyalle, ana ba su abinci a baki. Akwai wasan kwaikwayo a ciki, ba shakka, kuma abinci ana cinsa da ido ma. Amma manyan kuku sun faɗi a hannun ƙanana, masu kallo kuma suka yarda da sakamakon, domin sun ga babu ta yadda suna zai yi tasiri. A ƙarshe ɗaya daga cikin marasa sunan ne ya ɗauki kambun. Ba na ce ku ɗaure wa kowa ido ba. Ina cewa a duk zagayen da za a kori mutum, a kai farantai da lamba, a rubuta maki, sannan a buɗe sunaye. Idan alƙalanku na da adalcin da kuke faɗa, babu abin da za su rasa.

Sai batun ɗakin tace hoto, inda nake ganin an fi cutar mutane. A watan Agustan 2014, a shirin The Great British Bake Off lokacin yana BBC, askirim ɗin wani ɗan takara, Iain Watters, ya narke, ya fusata ya zuba aikinsa a kwandon shara, aka kore shi. Yadda aka jera hotunan ya sa masu kallo suka ɗauka wata dattijuwa 'yar takara, Diana Beard, ce ta fitar masa da shi daga firiza ta bar shi ya lalace. Aka yi mata ca a intanet, ɗaruruwan ƙorafe-ƙorafe suka iso BBC. Sai da mai gabatar da shirin, Sue Perkins, ta fito ta ce abin bai wuce daƙiƙa 40 a waje ba. Matar da ta zo gasa burodi ta koma gida da baƙin jini a ƙasa guda, saboda wani ya ga labarin zai fi armashi idan akwai mai laifi. Alƙalan ba su yi ƙarya ba, hotunan ma na gaske ne. Jerin da aka yi musu ne ya yi ƙaryar.

Haka nan akwai abubuwan da duk wanda ya san aikin talabijin ya sani, amma ba a gaya wa mai kallo. Kafin a gama ɗaukar hoton kowane faranti daga kowane ɓangare, abinci ya huce. Alƙalan MasterChef na Ostireliya sun taɓa bayyana cewa suna zagayawa su ɗanɗana da zafinsa kafin a kunna kyamarar hukunci. Wannan ba laifi ba ne, hikima ce ma. Ɓoye shi ne ke jawo zargi. Top Chef na rubutawa a ƙarshen shiri, da ƙananan haruffa, cewa alƙalai na shawara da furodusoshi wajen yanke hukunci. Mutane sun yi ta surutu a kan wannan layin, amma aƙalla an faɗa. Ku fa? Wa ke cikin ɗakin lokacin da ake zaɓen wanda zai tafi gida? Idan alƙalai ne su kaɗai, ku faɗa da babbar murya. Idan akwai wani, ku faɗi ko wane ne da iyakar ikonsa.

Ƙaramar magana a gefe, wadda ta shafi masu kallo irina. Idan aka ba kowa naman alade ko aka ce a yi miya da giya, Musulmi ko Bayahude da ke cikin gasar zai yi girkin da ba zai iya ɗanɗanawa ba, alhali na kusa da shi yana ɗanɗanawa yana gyara gishiri. Haka wanda ba ya cin nama sam. Ku tanadi madadi mai wahala daidai da na sauran, ku kuma bayyana dokar tun farko, kada ta zama alfarmar da ake roƙa.

Na san shekarar 2025 ta zo muku da abin da ya fi rendang nauyi. Binciken da kamfanin lauyoyi na Lewis Silkin ya gudanar ya tabbatar da zarge-zarge 45 cikin 83 da aka yi wa Wallace a kan halayyarsa a wurin aiki, aka raba gari da shi a watan Yuli. Kwanaki kaɗan bayan nan Torode ya bi shi, bisa zargin furta kalmar wariyar launin fata, abin da ya ce bai tuna ya yi ba. Ba wannan ne dalilin wasiƙata ba, amma yana da alaƙa da ita. Mutum biyun nan sun riƙe kujerun alƙalanci tun 2005, shekara ashirin, har suka zama su ne shirin. Wanda ya kai haka a wurin aiki, ƙaramin ma'aikaci ba ya iya ce masa ya yi kuskure, ko a kan ɗabi'a ko a kan fatar kaza. Kun naɗa Grace Dent da Anna Haugh a madadinsu, ɗaya marubuciya mai sharhin gidajen abinci, ɗaya kuku mai gidan abincinta a Landan. Zaɓi ne mai kyau. Amma idan kun sauya fuska kun bar tsarin yadda yake, bayan wasu shekaru a nan za a sake tsayawa. Ku sa wa kujerar wa'adi. Ku riƙa kawo alƙali na uku daga waje, mai cikakkiyar ƙuri'a, ba baƙon da zai ci ya yaba ya tafi ba.

Kuma idan kuskure ya faru, domin zai faru, ku amsa shi a cikin shirin, a gaban mutanen da suka ga an yi shi. Jaridu na da shafin gyara. Sashen labaranku na gyara rahoto idan ya kauce. Ban ga dalilin da zai sa shirin girki ya fi ƙarfin cewa "mun yi kuskure" ba. 'Yan takarar nan ba 'yan wasa ba ne da ake biya su yi kuka. Malamai ne da ma'aikatan jinya da direbobi, wasu sun ajiye aikinsu sun zo, kuma kalma ɗaya daga bakin alƙali na iya bin mutum har ƙofar gidan abincin da yake mafarkin buɗewa.

Ina roƙonku, kafin a kunna murhu a zango mai zuwa, ku wallafa dokokin alƙalancinku inda kowa zai karanta: abin da ake ba maki, wanda ke da ƙuri'a, da lokacin da ake ɗanɗana abincin.



Naku,
Wani mai kallo daga Kano