Wa Ya Duba Inda Muke Ajiye Ƙannenmu?

Duk wanda ya yi sammako ya tsaya bakin hanya a Kudan, ko Hunkuyi, ko Likoro, zai ga abin da muke gani kullum. Ɗan acaɓa ya ɗauko yara huɗu ko biyar, ɗaya a kan tanki, sauran a baya sun rungumi juna, kowa da 'yar jakarsa da gorar ruwa. Makarantar raino za a kai su, wadda muka fi sani da nazare. Waɗansu ko shekara uku ba su cika ba. Uwa ta miƙa ɗanta a bakin ƙofa, ta juya ta nufi kasuwa ko gona, ko aji idan malama ce. Daga ƙarfe takwas har azahar ran yaron nan yana hannun waɗansu. Tambayar da muke so mu yi wa kanmu ita ce: wa ya taɓa shiga ya duba ɗakin da aka ajiye shi?

Ba mu ƙi makarantun raino ba, gama muna bukatarsu. A da kaka ce take raino, ko kuwa a ɗora wa yaya goyon ƙaninta. Yau ga yayyen nan a aji suna karatu, kuma mu ne su. Saboda haka ne nazare ta yawaita a ƙasar Kudan da Makarfi da Ikara: wata a shago, wata a zaure, wata a ɗakin ikkilisiya, wata a jikin Islamiyya. Waɗansu suna da kyau ƙwarai. Waɗansu kuwa allo kawai aka kafa a bakin titi aka fara karɓar kuɗi.

Ba a bar wannan al'amari haka kara zube ba, akwai doka. A 2003 Nijeriya ta kafa Dokar Haƙƙin Yara, a 2004 kuma dokar ilimin bai ɗaya ta UBE ta haɗa har da kula da ƙananan yara kafin su shiga firamare. Jihar Kaduna ta yi tata dokar kare yara a 2018. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce kada yaran nazare su wuce 25 a hannun malami ɗaya. A jiharmu akwai Hukumar Tabbatar da Ingancin Makarantu, wadda aikinta ne yi wa makarantu masu zaman kansu rajista da aika sufetoci su duba su. Abin da sufeto yake nema ba ɓoyayye ba ne: ƙarfin gini, iska da haske a aji, ruwan sha, bayan gida, shinge, akwatin magani, da littafin sunayen yara da na ma'aikata.

Domin mu gane amfanin wannan dubawa, bari mu leƙa maƙwabtanmu na Nijar. A watan Afrilu 1 na 2021 ba a san abin da ke tafe ba, sai ga shi ran 13 ga watan wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a Yamai, yara wajen 20 suka mutu, yawancinsu 'yan ajin raino. Ba a cika wata bakwai ba, ran 8 ga Nuwamba, aka sake yin irinta a Maraɗi, inda aƙalla yara 25 'yan shekara biyar zuwa shida suka rasa rayukansu. Bayan wannan ne gwamnatin Nijar ta hana ajiye 'yan raino a azuzuwan zana. Kowa ya san zana tana cin wuta tun kafin ranar. Kowa ya san ƙaramin yaro idan ya firgita ba ya neman ƙofa, wuri yake samu ya ɓuya. Amma dokar ba ta zo ba sai bayan jana'iza.

A Kano kuma ba gini ne ya ci amana ba, mutum ne. A watan Disamba na 2021 aka sace wata yarinya 'yar shekara 5. A Janairu na 2022 aka gano cewa mai makarantar da take zuwa shi ya sace ta, ya kashe ta. Nan take gwamnatin Kano ta janye takardun izinin dukan makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su, a watan Yuli kuma kotu ta yanke wa mutumin hukuncin kisa. Nan ma tantancewar ta biyo bayan makoki ne. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, me ke hana mu tambaya tun da wuri? A ganinmu kunya ce. A ƙauyukanmu kowa ya san kowa. Mai makarantar ɗan'uwan baba ne, ko matar dattijon ikkilisiya, ko malamin da ya koya mana karatu. Yaya za ka dubi idonsa ka ce, "Baba, ina takardar izininku?" Sai mu yi shiru, mu ce Allah ya kiyaye. Lalle Allah ne mai kiyayewa, amma shi ne kuma ya ba mu ido da baki. Mun taɓa shiga wata nazare, ba za mu faɗi sunanta ba, muka tarar da rijiya a tsakar gida an rufe ta da tsohon kwano an ɗora dutse. Iyaye suna wucewa ta gefenta safe da rana. Kowa ya gani, kowa yana jiran wani ya fara magana.

Mun san abin da masu makarantu za su ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Za su ce kuɗin da iyaye suke biya bai taka kara ya karya ba. Idan aka matsa sai an cika kowace ƙa'ida, ko dai a ƙara kuɗi ko a rufe, yara su koma yawo a titi. Waɗansu za su ƙara da cewa ana samun mai dubawa wanda idan an ba shi na goro ba ya wuce ofishin hedimasta. Amsarmu ita ce, yawancin abubuwan da ke ceton rai ba su da tsada. Ga kaɗan daga ciki:

Na ɗaya, a yi wa rijiya murfi mai kwaɗo, a kewaye duk wani rami ko kududdufi kafin damina.

Na biyu, kada a kulle yara a aji da kwaɗo ko da na minti ɗaya ne. Ƙofa ta buɗe waje, a ajiye bokitin yashi kusa, murhu da janareta da fetur su yi nisa da aji.

Na uku, mu manoman rake da tumatir da albasa ne, kusan kowane gida akwai maganin feshi. Kada a ajiye shi a ɗakin da yara suke shiga, balle a zuba shi a gorar lemo.

Na huɗu, a rage cunkoso, a buɗe tagogi, a nemi katin rigakafin kowane yaro. Manyanmu ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kashe fiye da mutum 11,000 a Arewa. A 2023 ma cutar mashaƙo ta shigo Jihar Kaduna.

Na biyar, a rubuta sunan wanda aka yarda ya ɗauki kowane yaro, kada a miƙa shi ga kowa sai shi. Kada kuma a ɗauki ma'aikaci sai an binciki halinsa a inda ya fito.

Wanne ne cikin waɗannan ya fi ƙarfin mai makaranta? Maganar cin hanci kuwa ba dalili ba ne na ƙin dubawa. Dalili ne na sa ido. Ranar da sufeto zai zo, a sanar da ƙungiyar iyaye da malamai, wakilansu su zaga tare da shi, a karanta musu abin da ya rubuta. Da wuya a miƙa ambulan a gaban iyaye goma. Muna roƙon hukuma kuma ta riƙa zuwa ba zato ba tsammani, ta kai har ƙauyukan da ke nesa da kwalta. Inda gyara zai yiwu a ba da wa'adi, a dawo a gani. Inda ran yara yake cikin haɗari a rufe ranar.

Ya ku dattawan ikkilisiya, idan akwai nazare a harabarku, ku ne ya kamata ku fara. Ku yi rajista, ku gayyaci sufeto da kanku, ku rataye takardar izini inda kowa zai gani. Sunan mishan a jikin allo ba ya hana bango tsagewa. Iyaye, ku shiga ciki, ku leƙa bayan gida, ku ƙirga yaran da ke aji, ku yi tambaya cikin ladabi. Mai makaranta na kirki ba zai ji haushi ba.

Mu ɗalibai kuma, mu ne ake aika kai ƙannenmu da ɗauko su lokacin da muke gida. Abin da muka gani mu faɗa wa iyayenmu. Nan gaba kaɗan waɗansunmu za su zama malamai, waɗansu duba-gari, waɗansu su buɗe nasu makarantun. Mu saba da yin tambaya tun yanzu. Gara a ce da mu marasa kunya yau, da mu zauna a kan tabarmar makoki gobe muna cewa ai mun ga rijiyar.