Komai nisan jifa: Shin minti goma a sama sun cancanci Naira miliyan 900?

Ranar Asabar da ta wuce na tsaya a Wapa, wajen wani ɗan canji da muka yi firamare tare a Fagge. Ba canji ya kai ni ba, lissafi na je nema. Na ce masa, "Alhaji, Dala dubu 600 nawa ke nan a kuɗinmu?" Bai ko taɓa na'urar lissafi ba ya ce, "A kan 1,500, Naira miliyan 900 ke nan. Dakta, plaza za ka saya a Kwari?" Na ce masa kuɗin kujera ɗaya ce a jirgin da zai kai mutum bakin sararin samaniya ya dawo da shi. Ya tambaya kwana nawa ake yi a can. Da na ce masa 'yan mintoci ne, sai ya yi shiru, can ya ce, "To me ake sarowa?"

Mai karatu, tambayar nan ta ɗan kasuwa ta fi ƙarfin dariya, kuma ita nake so mu tattauna a wannan mako, domin zancen ya riga ya shigo gida. A ranar 29 ga Yunin 2025, Owolabi Salis, lauya kuma ɗan siyasa daga Jihar Legas, ya shiga kumbon New Shepard na kamfanin Blue Origin tare da wasu mutum biyar, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya leƙa sararin samaniya. Shekara guda kafin nan, a watan Yunin 2024, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Amurka mai suna SERA, da nufin a bai wa ɗan Najeriya kujera a wannan kumbo, jama'a su zaɓe shi ta hanyar ƙuri'a. Tun daga lokacin ɗalibaina suke tambayata ko Najeriya ta shiga sahun ƙasashen da suka je sama.

Kafin a yi ciniki sai an ga haja. Kumbon New Shepard ya riƙa tashi ne daga wani fili a hamadar yammacin Jihar Texas. Roka ce take cilla shi tsaye, ya haura kilomita 100, wato iyakar da aka fi amincewa da ita a matsayin mafarin sararin samaniya. Idan injin ya mutu, fasinjoji sukan kwance ɗamara su yi iyo a cikin ɗaki na tsawon minti uku zuwa huɗu, su ga baƙin sama da lanƙwasar doron ƙasa ta manyan tagogi. Daga nan ɗakin ya faɗo, lema ta buɗe, ya dira a cikin hamadar da ya baro. Tafiyar duka ba ta wuce minti goma zuwa sha ɗaya. Babu matuƙi a ciki, kwamfuta ce take sarrafa komai, horon fasinja kuwa na kwana biyu ne.

A nan akwai bambancin da ake yawan tsallakewa. Isa kilomita 100 daban, zama a can daban. Wanda yake son ya kewaya duniya, kamar mazauna tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, dole ya yi gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a guda. New Shepard ba ya kai 4,000. Saboda haka abin da fasinjansa ya saya jifa ne, kuma Bahaushe ya riga ya faɗi ƙarshen jifa komai nisansa. Ba kuma sabon abu ba ne: Alan Shepard, wanda aka raɗa wa kumbon sunansa, ya yi irin wannan tsalle na minti 15 a ranar 5 ga Mayun 1961, makonni uku bayan Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet ya kewaya duniya baki ɗaya.

Sai farashi. Blue Origin ba ya tallata kuɗin kujerarsa, amma kujerar farko da ya yi gwanjonta a 2021 ta tashi a kan Dala miliyan 28. Abokin gasarsa, Virgin Galactic na Richard Branson, ya faro da Dala dubu 200, ya kai dubu 450 a 2021, daga baya ya ɗaga zuwa dubu 600, adadin da na kai Wapa. Ma'aikacin da yake karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 zai yi shekara dubu da ɗoriya yana tarawa, ba ci ba sha, kafin ya haɗa wannan kuɗi. Da shi za a biya wa mutum fiye da ɗari kujerar aikin Hajjin 2025. Idan aka raba shi a kan mintoci huɗun nan na iyo, kowane minti ya haura Naira miliyan 200.

Akwai kuma kasada. A ranar 31 ga Oktoban 2014 jirgin Virgin Galactic ya wargaje a sama lokacin gwaji, mataimakin matuƙi ya rasu. A Satumbar 2022 rokar New Shepard ta samu matsala jim kaɗan bayan tashi, sai dai babu mutane a ciki, kuma ɗakin ya fice lafiya kamar yadda aka tsara. A dokar Amurka, gwamnati ba ta bayar da shaidar cewa waɗannan jirage amintattu ne ga fasinja kamar yadda take yi wa jiragen haya. Fasinja ne yake sa hannu cewa ya san haɗarin, ya yarda.

Adalci ne in kawo hujjojin masu goyon baya, domin suna da su. Ta farko, gani ya kori ji. Da yawan waɗanda suka je sun ce ganin siririn mayafin iskar da ya lulluɓe duniya ya sauya musu tunani. William Shatner, ɗan wasan kwaikwayon da ya je yana da shekara 90 a 2021, ya bayyana cewa baƙin ciki ne ya lulluɓe shi da ya kwatanta duhun waje da rayuwar da ke ƙasa. Ta biyu, ana ɗora kayan binciken jami'o'i da na hukumar NASA a kumbon, kuma rokar tana dawowa ta dira a tsaye a sake amfani da ita, wanda ci gaba ne na gaske. Ta uku, wadda ta fi ƙarfi, ita ce kowace fasaha masu kuɗi ne suke fara biyanta kafin ta sauko hannun talaka, kamar jirgin sama da wayar salula.

Wannan hujja ta uku ce ta dawo da ni gida, domin mu 'yan Fagge da Sabon Gari a ƙarƙashin fukafukan jirage muka tashi. A ranar 1 ga Nuwamban 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jiragen sojan saman Birtaniya uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, a tafiyar farko da jirage suka yi zuwa ƙasar nan. A 1936 aka fara jigilar haya ta hanyar Khartum. A lokacin shiga jirgi sai Turawan mulki da ƙalilan daga cikin manya. Amma ba a daɗe ba tafiyar Makka, wadda kakanninmu suke shafe watanni har shekaru suna yi ta Chadi da Sudan, ta koma ta sa'o'i. Yau 'yan kasuwar Kwari da Sabon Gari suna zuwa Dubai da Guangzhou ta filin jirgin Malam Aminu Kano kamar masu zuwa cin kasuwar ƙauye.

Abin tambaya shi ne dalilin da ya sa farashin jirgi ya sauko. Ya sauko ne saboda jirgi yana ɗaukar mutum daga inda yake ya kai shi inda yake da buƙata: mahajjaci, ɗan kasuwa, majinyaci, ɗalibi, wasiƙa da kaya. Buƙata ce ta tara fasinja, yawan fasinja ya karya farashi. Kumbon yawon buɗe ido kuwa yana mayar da mutum ne inda ya ɗauke shi. Shi ya sa a cikin shekara 20 farashin Virgin Galactic ya ninka sau uku maimakon ya ragu. Abokina na Wapa, ba tare da ya karanta kimiyya ba, ya taɓo jijiyar al'amarin: ba a saro komai.

Akwai wani tarihin da ya fi wannan kusa da batunmu, wanda matasa da yawa ba su sani ba. A farkon shekarun 1960 Amurka ta kafa tashar bibiyar kumbo a Kano, ɗaya daga cikin jerin tashoshin shirin Mercury da aka baza a faɗin duniya. Lokacin da John Glenn ya kewaya duniya sau uku a ranar 20 ga Fabrairun 1962, tashar Kano tana cikin waɗanda suka bibiye shi. A 1963 har kan sarki aka buga mai ɗauke da hoton kumbon da tashar. A watan Agustan shekarar, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron ɗan'adam na Syncom. Da aiki ya ƙare, masu tasha suka rufe suka tafi da iliminsu. Mun ba da masauki, mun sha kallo, ba mu gaji sana'ar ba. Tsorona shi ne kada mu maimaita wannan a sabon salo: jiya masu masauki, yau fasinja.

Hukuncina kashi biyu ne. Ga mutumin da ya tara halaliyarsa, ya sauke haƙƙin iyali da na zakka, ya ga cewa burin ransa ke nan, ba ni da hurumin hana shi. A garin nan ana kashe maƙudan kuɗi a biki da dawakai da motoci, ba a ce komai ba. Ina taya Salis murna, kuma na san akwai yaron da ganinsa cikin kayan 'yan sama jannati zai sa ya ƙaunaci lissafi. Sai dai a kira abin da sunansa: nishaɗi ne mai tsada. Idan iyon ne kawai ake sha'awa, akwai jiragen sama da ake hawa da sauka da su ta yadda fasinja zai ɗanɗana rashin nauyi na daƙiƙa 20 zuwa 30 sau da yawa a jere, a kan wani ɗan ƙaramin kaso na wancan kuɗi. Wata ɗalibar sakandare 'yar Najeriya, Stella Felix, ta shiga irinsa tun a 2006.

Ga ƙasa kuwa, amsata a'a ce. An ce kujerar SERA kyauta ce, kuma ba a mayar da hannun kyauta baya. Abin da nake gudu shi ne a ɗauki kujerar a matsayin cikar burin shirin sararin samaniyar ƙasa, alhali kayan aro ba ya rufe katara. Muna da abin da ya fi wannan zama abin alfahari. An kafa NASRDA a 1999, aka harba NigeriaSat-1 a Satumbar 2003, hotunansa suka yi amfani har a lokacin guguwar Katrina a Amurka a 2005. NigeriaSat-X da aka harba a 2011 injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu a Ingila. A 2017 Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta shiga wani shiri da wata jami'ar Japan, aka harba ɗan ƙaramin tauraro mai faɗin santimita 10. Wannan shi ne ilimin da yake zama a gida. Amma NigeriaSat-2, wanda aka ƙera don aikin shekara bakwai, ya ninka wa'adinsa yana jiran magaji, a ƙasar da ambaliya ta cinye Maiduguri a 2024 da Mokwa a 2025, ƙasar da dazuzzukanta suka zama mafakar 'yan bindiga, manomanta suke shuka da hasashe. Ido muke buƙata a sama wanda zai daɗe yana kallo, dare da rana, shekara da shekaru.

Saboda haka kirana ga attajiranmu na Kwari da Singa da Wapa, waɗanda na tabbata akwai masu ƙarfin sayen kujerar nan ba tare da sun girgiza ba: idan sha'awar sama ta motsa, akwai hanyar da ta fi ɗorewa. Naira miliyan 900 za ta gyara ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya a makarantun sakandaren Fagge, ta ɗauki nauyin ɗalibai zuwa digiri na uku a fannin injiniya, ta kafa ɗakin haɗa ƙananan taurari a ɗaya daga cikin jami'o'in Kano. Wanda ya yi haka ba zai ga lanƙwasar duniya da idonsa ba, amma yaran da ya karantar za su iya ƙera abin da zai gano masa ita kullum.

Da na tashi tafiya abokina ya ce, "Dakta, in an fara zuwa wata a saro kaya, ka zo ka gaya mini." Na yi masa alkawari. Kafin nan, Allah Ya ba mu ikon bambance abin kallo da abin gado. Mu haɗu a mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.