Abin Da Aka Zuba A Kwatamin Jami'a, Ina Yake Zuwa?

A wannan mako zan ɗan jingine maganar siyasa da ta tsadar abinci, in kai ku wani wuri da yawancinmu ba mu taɓa shiga ba, amma abin da ake yi a cikinsa yana iya iske mu har cikin tukunyar miya. Wurin nan kuwa shi ne ɗakin gwaje-gwaje na sashen kimiyyar sinadarai, watau kemistiri, a jami'o'inmu.

Kwanakin baya na ziyarci wata jami'a, wadda ba sai na ambaci sunanta ba, domin in duba ɗan ƙanena da yake karatu a wannan sashe. Na iske su sun gama aikin gwaji, kowane ɗalibi yana tuttular da abin da ya rage a kwalbarsa cikin wurin wanke hannu, wani ja, wani shuɗi, wani ruwan ɗorawa. Na'urar zuƙe hayaƙi tana tsaye shiru don babu wutar lantarki, famfo kuma ba ya kawo ruwa sai dai a ɗebo da bokiti. Sai na tambayi wani dattijo mai kula da kayan ɗakin, na ce, "Baba, wannan ruwa ina yake zuwa?" Ya ce, "Malam, biyo ni ka gani da idonka." Muka zaga bayan gini, ya nuna mini bututu yana zuba a kwatami, kwatamin ya gangara rafi, a bakin rafin kuwa ga masu lambu suna ban ruwan latas da alayyafo.

To, a nan gizo yake saƙar. Sau da yawa mukan ɗauka cewa abin da ruwa ya tafi da shi ya tafi ke nan. Amma fa zaiba da dalma da kuromiyam da danginsu ba sa ruɓewa kamar ɓawon rogo. Ruwa yakan sauya musu wuri ne kawai; su kwanta a cikin laka, su shiga kifi da ganye, su taru a jikin mutum sannu a hankali. A garin Minamata na ƙasar Japan, a 1956 aka fara gane wata cuta mai lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, daga baya aka tabbatar zaiba ce da wata masana'anta take zubarwa a teku, mutane suna ci a cikin kifi. Mu ma a gida ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta hallaka yara sama da 400. Lalle sharar ɗakin gwaji guda ba ta kai ta masana'anta yawa ba, amma idan aka yi shekara talatin ana zubawa a rafi ɗaya, ai da yayyafi kogi kan cika.

Abin mamaki shi ne ƙasar nan ta riga ta sha darasi. A 1988 aka gano sama da tan 3,000 na shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko, cikin Jihar Bendel ta wancan lokaci, Jihar Delta a yau. Ɗaliban Nijeriya masu karatu a Italiya su ne suka tsegunta wa jaridun gida. Gwamnatin Janar Babangida ta tilasta aka kwashe ta, ta kuma kafa Dokar Soja mai lamba 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da irin wannan shara, sannan ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. A 2007 aka kafa hukumar NESREA domin tabbatar da bin dokokin muhalli. Shin ya dace mu yi wa baƙo ihu saboda ya kawo mana guba, alhali kuwa gidan ilminmu yana zubar da tasa ta bayan katanga?

Haɗarin bai tsaya ga na waje ba, na cikin ɗakin shi ne a bakin wuta. A watan Agusta na 1996, a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, Farfesa Karen Wetterhahn, wadda gwana ce a ilmin ƙarafa masu guba, tana cikin aiki sai 'yan ɗigo na wani sinadarin zaiba suka zuba a kan safar hannunta ta roba. Gubar ta ratsa safar, ta shiga jiki, alamun ciwo ba su bayyana ba sai bayan watanni, ta rasu a watan Yuni na 1997. Haka kuma a Disamba ta 2008, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wata matashiyar mai bincike, Sheri Sangji, ta ƙone da wani sinadari mai kama wuta da zarar ya haɗu da iska. Ba ta sanye da rigar aiki, ta rasu a watan Janairu na 2009. Idan haka ta faru inda ake da wuta da ruwa da asibiti, ina ga inda ake ɗebo ruwa da bokiti? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Ƙa'idojin kuwa ba masu wuya ba ne. Kowace kwalba a rubuta mata suna da kwanan wata, domin kwalbar da ba ta da suna ita ce mafi haɗari a ɗakin. Shara kuma a rarraba ta, kowane iri da mazubinsa. Idan asid na naitirik ya haɗu da ragowar giyar gwaji ko asiton a kwalba rufaffiya, iska takan taru har kwalbar ta fashe. Idan asid ya haɗu da gishirin sayanayid, hayaƙi mai kisa yake tashi. Sinadarin ita, idan ya daɗe a ajiye iska tana shiga, yakan haifar da abin da yake fashewa. Asid ake zubawa a hankali cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Wanda wani abu ya fantsama masa a ido ya wanke da ruwa mai gudu na minti 15 aƙalla. Asid mai rauni ana iya kashe kaifinsa kafin a zubar, amma ruwan da ke ɗauke da ƙarafa masu guba sai a tara shi a mazubi mai murfi, a miƙa wa waɗanda hukuma ta amince su sarrafa shi. Rage yawan abin da ɗalibi yake gwaji da shi yana rage shara, yana kuma rage kashe kuɗi.

Saboda haka ina kira ga shugabannin jami'o'i da su ware wa wannan aiki kuɗi a cikin kasafinsu, kamar yadda suke ware wa motocin ofis. Idan Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta zo tantance kwasa-kwasai, kada ta tsaya ga ƙirga littattafai da kujeru, ta zaga bayan gini ta ga inda bututu ya nufa. Asusun TETFund kuma, idan zai gina ɗakin gwaji, ya haɗa da tankin ruwa da wurin tara shara. Ku kuwa ɗalibai, farar riga da tabarau da takalmi rufaffe ba ado ba ne, kuma sabo turken wawa ne.

Da zan tafi, dattijon nan ya ce mini shi ba ya sayen ganye a bakin wannan rafi. Shi ya sani, ya kauce. Mai lambu da uwargidan da take sayen alayyafonsa a kasuwa ba su sani ba, haƙƙinsu kuwa yana wuyan waɗanda suka sani. Allah Ya kiyashe mu, amin. Sai mun sadu a mako mai zuwa.