Wakilinmu, Ina Labarin Majalisa?

A Nima, a Aboabo, a kowane zango na Ghana, kukan ɗaya ne: lokacin zaɓe asambuliman kullum yana ƙofar gidanka, bayan zaɓe sai dai ku haɗu a wurin suna ko jana'iza. Alhali dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta wajabta masa ya zauna da mutanen unguwarsa kafin kowane zaman majalisar gunduma, ya kuma dawo ya faɗa musu abin da aka yanke.

Tsarin mulki na 1992 ya ware wa gundumomi aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Nawa ya iso gundumarmu? Kwata aka gyara da shi ko aji aka gina? Dokar samun bayanai ta 2019 ta ba kowa damar tambaya a rubuce.

Amma fa mu ma da namu laifin. A kira taro, sai tsofaffi biyar su zo. Sarakunan zango, ƙungiyoyin mata da na matasa, ku tsayar da rana, ku gayyaci wakili, ya yi bayani da Hausa, a rubuta alkawarinsa. In ya ƙi zuwa, mu riƙe masa har ranar zaɓe.