Ra'ayinmu: Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya

Da yawa daga cikinmu sun sha cin karo da kalmar Turancin nan enliven, ko a littattafan koyar da malanta, ko a bakin jami'in sa ido bayan ya zauna a bayan aji ya kalli darasi. Ya dace mu san abin da ake nema a wurinmu idan an faɗe ta.

Tushen kalmar shi ne life, wato rai. An yi mata ɗafa-goshi en da ɗafa-ƙeya en, kamar yadda aka gina enlighten daga light, kuma tana cikin rubutun Turanci tun ƙarni na 17. Aikatau ce so-karɓau, don haka tilas a ambaci abin da aikin ya faɗa wa, kamar a ce enliven the lesson. A hirar yau da kullum an fi jin liven up. Kada ɗalibanmu su gauraya ta da revive, wadda ke nufin farfaɗo da abin da ya suma. Ita enliven ana amfani da ita ne ga abin da yake da ransa amma ya yi lami. Bahaushe sai ya ce ƙara armashi.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a gare mu. Malamar da ta buɗe darasin Hausa da kacici-kacici, da malamin lissafi da ya shigo aji da mudu da tiya don koyar da awo, duk shi suke yi. Muna kira ga kowane ɗan ƙungiya da ya riƙe wannan amana, domin yaron da darasi ya gundure shi, jikinsa kawai ke aji.

Sai dai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma kowa ya san azuzuwan da yawan yaransu ya ninka haka, wasu a zaune a ƙasa. A Yulin 2024 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, duk da haka malaman firamare a wurare da dama sai da suka daɗe suna jiran ganinsa a aljihunsu. Malamin da ya baro gida babu cefane, da wane ƙarfin zuciya zai sa yara dariya?

Tun kafuwar ƙungiyarmu a 1931, mutuncin malami da ingancin karatu tare muke neman su. Za mu ci gaba da ƙara wa darussa armashi, hukuma kuma ta biya albashi a kan kari, ta ɗauki ƙarin malamai, ta samar da alli da kujeru. Muna roƙon kowa ya zo taron reshe mai zuwa da adadin yaran ajinsa a rubuce, don mu gabatar da ƙorafinmu da hujja.